Rijistar harajin gidaje da aikin akawu a Katsina

Rijistar harajin gidaje littafi ne, yanzu wasu wuraren kwamfuta ce, da ƙaramar hukuma ke rubuta gidaje da shagunan mutane a ciki, sunan mai gida, unguwa, zama ake yi a ciki ko haya aka ba da, sai kimar da aka yi masa da abin da zai biya a shekara. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi wannan aiki na kimanta gidaje, amma majalisar dokokin jiha ce ke tsara yadda za a yanka kuɗin. Jihar Katsina na da ƙananan hukumomi 34. A kula, wannan daban ne da kuɗin ƙasa da mai satifiket ɗin mallaka ke biya wa gwamnatin jiha bisa dokar ƙasa ta 1978, mutane da yawa kan haɗa su.

Abin ba sabo ba ne. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, malamin haraji ne ke bin dagaci da mai unguwa yana rubuta magidanta, kuɗi su bi ta hannun hakimi zuwa baitulmali, har gwamnan Kaduna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin Katsina da Daura na cikin jihar Kaduna.

To shi akawu ba shi ke yanka haraji ba fa, nan ne ake yawan rikici. Nasa shi ne ya shigar da abin da masu kima suka kawo ba ƙari ba ragi, ya fitar da takardar neman biya, in an biya ya yanki rasit mai lamba ya bar kwafi a jikin littafin, kuɗin kuma ya miƙa wa ma'aji, don odita in ya zo lambobin nan zai bi ɗaya bayan ɗaya, in an tsallake ɗaya sai an yi bayani. Ba shi da hurumin yafe wa kowa, ko surukinsa ne. Dokar tarayya ta 1998 kan karɓar haraji ma ta hana wanda ba hukumar haraji ba karɓa, ta hana tare hanya da sunan haraji.

Inda rijista ta fi lalacewa wajen gado ne. Alhaji ya rasu a Ƙofar Ƙaura, an raba gida uku, ɗaya ya fasa zaure ya mayar shago, amma littafi har yau sunan marigayi ne da tsohuwar kima, takarda ta zo kowa ya ce ba tasa ba ce. Gyaran sai magada sun kawo takardar rabon gado daga kotu an sake kima.