Dokar duba kod a Wikipedia: ba a rufe asusun kowa don ya yi kuskure

Tun da aka kashe Graph, ƙarin manhajar da ke nuna zanen alƙaluma, a watan Afrilun 2023 saboda tsaro, zane-zanen alƙaluma suka ɓace daga shafukan Wikipedia, nake jin wata magana a bakin masu gyara: wai an hana 'yan sa-kai rubuta ƙarin manhaja (kod ɗin da ke ƙara wa wiki wani aiki), wai duk wanda aka samu kuskure a kod ɗinsa za a rufe masa asusu. Babu ko ɗaya a cikin dokar.

Dokar ta shafi mai son a ɗora ƙarin manhajarsa a shafukan Wikimedia ne, har da Wikipedia ta Hausa. Mai wikinsa na kansa, ba ruwanta da shi. Ana buɗe buƙata a Phabricator, dandalin shigar da buƙatun fasaha na Wikimedia, a duba kod ɗin a Gerrit, dandalin bitar kod, sannan masu kula da tsaro su bi shi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne batun ƙugiya. Idan ka rubuta alamar ref don kawo madogara, ƙarin manhajar Cite ce ke cafke abin da ke ciki ta mayar da shi ɗan lambar nan da ke saman layi. Wannan cafkewar ita ce ƙugiyar. To, abin da irin wannan ƙugiya ta mayar, kusan yadda yake ake zuba shi a shafi. In marubucin kod bai tace rubutun da aka shigar ba, da umarnin tacewa na htmlspecialchars ko makamancinsa, mugu zai iya cusa JavaScript, wato kod ɗin da ke aiki a burauzar mai karatu, a tsakanin alamomin. Mai gudanarwa ya buɗe shafin a wayarsa yana shan shayi, kod ɗin ya yi aiki da sunansa bai sani ba. Shi ne ake kira XSS.

Hukuncin kuwa kan manhajar yake faɗawa. Mai dubawa zai dawo maka da ita ka gyara. In ta riga ta hau, a kashe ta, kamar yadda aka yi wa Score, ƙarin manhajar rubuta alamomin kiɗa, a 2020 saboda tsaro, aka dawo da ita a 2021 bayan gyara.

A ganina dokar tana kan gaskiya, don rami ɗaya a kod ya isa ya cuci dubban masu karatu. Abin da ke ci mini rai shi ne jira. Masu dubawa kaɗan ne, layi kuma dogo, kuma ƙaramin wiki irin namu ba shi da ma'aikacin da zai riƙa bin sawun buƙatarsa kullum.