"State" ba jiha ba ce, kuma ba laifin netwok ba ne

Kwanan nan duk matashin da ya fara koyon haɗa manhajar waya a unguwar Yaba ta Legas, kalmar "state" ce a bakinsa. Har na ji an fassara ta da "jiha" a wani shirin rediyo. Wannan kuskure mai sauƙin gyara ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na masu ɗora laifinta a kan netwok.

A wurin masu manhaja, kalmar tana nufin halin da fuskar waya take ciki yanzu: abin da ka rubuta ba ka tura ba, zaɓin da ka danna, layin da ka kai kana karantawa. Ni "inda aka tsaya" nake ce mata.

Rannan ina kasuwar Mile 12 wajen kawuna mai sayar da tumatir, yana cike fom a wata manhaja. Ya sa suna, ya sa adireshi, ya sa adadin kwanduna. Ya leƙa WhatsApp ya kwafo lambar asusu, ya dawo ya tarar da fom fayau. Ya ce, "Kai, netwok ɗin Legas!" Na ce, "Kawu, yau dai netwok bai yi maka komai ba." Wayarsa ƙarama ce, gig 2 kawai gare ta na wurin aiki. Yana barin manhajar, Android ta kashe ta don WhatsApp ya samu wuri. Haka aka gina tsarin. Ko wayar ka juya a kwance, Android takan rushe fuskar ta sake gina ta.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ana wanke allo, amma ɗalibi ba ya manta ayar da ya tsaya. Kafin rushewar, Android tana bai wa manhaja dama ta onSaveInstanceState ta ajiye ɗan abin tunawa. Ɗan kaɗan fa, domin hanyar da yake bi kusan megabayit 1 ce, kuma ba shi kaɗai ke bin ta ba. Ka cusa hoto, manhaja ta faɗi. Lambar hoton ake ajiyewa, a nemo shi daga baya.

Inda 'yan'uwana masu manhaja suke ba ni haushi shi ne ViewModel, wani ma'ajin bayani na cikin manhaja wanda Google ya kawo a 2017. Yana riƙe bayani idan an juya waya, sai su ɗauka aiki ya ƙare. Idan Android ta kashe manhajar, bayanin ma ɓacewa yake yi, sai dai in an haɗa shi da SavedStateHandle, wanda ke ajiye ɗan abin tunawa ko an kashe ta. Suna gwaji a manyan wayoyinsu da ba sa kashe komai da wuri, alhali masu amfani da manhajar itel da Tecno suke riƙe da su. A saitin masu haɗa manhaja akwai maɓallin da ke rushe fuska da zarar an bar ta, kunna shi bai kai minti ɗaya ba. Wanda bai gwada da shi ba, a ganina, ya raina lokacin mutane ne.

Kawu ya sake cikewa daga farko. Wannan karon sai da ya fara rubuta lambar asusun da biro a jikin kwali.