Jaridun coci da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu

A Afirka ta Kudu, jaridun coci na cikin abubuwan da suka koya wa Kiristoci fararen fata ganin wariyar launin fata a matsayin tsarin Ubangiji. Daga cikinsu kuma aka samu waɗanda suka fara warware wannan koyarwa.

Mafi tasiri ita ce Die Kerkbode, jaridar cocin Dutch Reformed, wanda akasarin Afirkana (fararen fatar ƙasar da yawancinsu jikokin Turawan Holand ne) ke bi a lokacin. An fara buga ta a 1849. Tun a 1857 majalisar cocin ta yarda a raba wa baƙaƙe wurin ibada, wai saboda raunin wasu fararen da ba za su iya cin Jibin Ubangiji tare da su ba. Abin da aka fara da sunan lallashi ya rikiɗe ya zama aƙida. Da Jam'iyyar National ta hau mulki a 1948, jaridar ta bayyana wariya a matsayin manufar coci. Hujjar da aka fi kawowa ita ce labarin hasumiyar Babila a Farawa sura ta 11: tunda Allah ne ya rarraba harsuna, haɗa al'ummai saɓa masa ne. Manomin da ya buɗe jaridar bayan sujadar Lahadi, sai ya tarar fasto da gwamnati bakinsu ɗaya. Ina zai samu dalilin shakka?

Bayan kisan Sharpeville na 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69, shugabannin coci-coci suka taru a Cottesloe da ke Johannesburg a watan Disamba. Suka ce bai halatta a hana kowa shiga coci saboda launinsa ba. Firayim Minista Hendrik Verwoerd ya fusata, editan Die Kerkbode, Andries Treurnicht, ya yi ta sukar matsayar har majalisun cocin Dutch Reformed suka yi watsi da ita a 1961.

A nan ne Beyers Naudé, fasto a cocin kuma ɗan gidan manyan Afirkana, ya ja daga. A 1962 ya zama editan wata mujallar wata-wata, Pro Veritate, wato "domin gaskiya", ana buga ta da Afirkanci (harshen Afirkana) da Turanci. Da ayoyin Littafi Mai Tsarki ta riƙa mayar da martani, don haka ta fi yi wa cocin zafi fiye da sukar 'yan siyasa. Naudé ya rasa muƙaminsa a 1963. Huɗubar da ya yi wa ikilisiyarsa a watan Satumba na shekarar ta ginu ne kan Ayyukan Manzanni 5:29, cewa biyayya ga Allah ta fi biyayya ga mutane. Gwamnati ta haramta mujallar a ranar 19 ga Oktoba 1977, shi ma ta sa masa takunkumi.

Cocin bai sauya da wuri ba. Rahotonsa na 1974 ya sake kafa hujja da Babila. Sai bayan ƙungiyar cocin Reformed ta duniya ta ayyana wariya a matsayin karkatacciyar koyarwa a Ottawa a 1982 ne, cocin ya amince a 1986 cewa kuskure ne a nemo mata gindi a nassi.