Rikicin Fili da Kududdufan Kuza a Jos: Me Ya Sa Hukumomi Ke Neman Sulhu?

Wa ke da iko da ƙasar tun farko?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Amma ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, irin su kuza, na Gwamnatin Tarayya ne. Ke nan gona ɗaya a Bukuru tana iya samun masu iko biyu, mai takardar fili daga Jos da mai lasisin haƙa daga Abuja. Manomin da ya gaji gonar tun kaka da kakanni kuwa, sau da yawa ba shi da ko ɗaya.

A kan me ake rigimar?

Yawanci a kan ruwa. Kamfanonin Turawa da suka haƙi kuza tun zamanin mulkin mallaka sun bar ramuka birjik a Bukuru, Rayfield da Barkin Ladi, ruwa ya cike su. Ka je bakin ɗaya daga cikinsu da rani ka gani. Ga mai lambu ya jefa bututun injinsa yana shayar da kabeji da tumatir, can gefe makiyayi ya koro shanu, a ɗaya ɓangaren matasa na wanke kuza, ruwan ya koma ja. Kowannensu abincinsa yake nema, kuma kududdufin ɗaya ne.

Me ya hana a tafi kotu kawai?

Shari'ar fili kan ci shekaru, kafin a yanke hukunci an yi damina da yawa. Alƙali zai faɗi mai fili, amma ba zai tsara wa mutane ranar ban ruwa ko hanyar da shanu za su bi ba. Wannan sai a zaune, ido da ido.

To, doka ta san da sulhun?

Ta sani. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a kuma sake duba ta duk shekara 5. Dokar 1978 ta ce saɓani kan kuɗin diyya a kai shi gaban kwamitin rabon filaye na jiha. A Filato ma an kafa Hukumar Wanzar da Zaman Lafiya a 2016, wadda ke haɗa manoma da makiyaya su tattauna.

Ina matsalar take?

A wurin zaɓen masu zama. Idan jami'i ya kira mai unguwa da wakilin kamfani su kaɗai, aka sa hannu a ofis, wannan sanarwa ce aka yi wa jama'a. Matan da ke ɗiban ruwa, da arɗo, da masu lambu, dole a ji ta bakinsu. A karanta takardar da harshen da kowa ke ji, a rubuta wanda zai cike rami da ranar da zai gama.

Akwai abin da sulhu bai isa ya taɓa ba?

Akwai, guba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Idan gwaji ya nuna ruwa ya gurɓace, aikin NESREA, hukumar kare muhalli ta tarayya, ne ta rufe wurin, ko da duk mazauna sun amince a ci gaba.