Sauyin zanen gwajin zuciya da haɗarin rikicewar bugu

Gwajin lantarkin zuciya, wanda ma'aikatan lafiya a Damagaram ke kira ECG, awo ne da ake yi ta hanyar manna wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana tafiyar lantarkin zuciya a kan takarda. Kowane bugu yana barin tudu da kwari, an sa musu haruffan P, Q, R, S da T. Siffarsu da tazarar da ke tsakaninsu kan nuna mai haɗari tun bai fara jin komai a jikinsa ba.

Tarihi

Augustus Waller ne ya fara ɗaukar zanen zuciyar ɗan Adam a Landan, a 1887. Willem Einthoven na Leiden a ƙasar Holan ya raɗa haruffan a 1895, ya kuma ƙera na'urarsa wajen 1901 zuwa 1903. Nauyinta ya kai kusan kilo 270, kuma sai majinyaci ya tsoma hannu da ƙafa cikin bokitan ruwan gishiri. Ya samu kyautar Nobel a 1924.

Karanta haɗari daga zanen ya zo a hankali. A 1930 Wolff da Parkinson da White suka bayyana matasa lafiyayyu masu saurin bugu lokaci-lokaci, da gajeriyar tazarar PR, wato lokacin da lantarki ke ɗauka daga ɗakunan sama na zuciya zuwa na ƙasa. A 1957 Jervell da Lange-Nielsen suka kawo labarin wani gida a Norwe mai yara huɗu kurame masu yawan suma, uku suka yi mutuwar fuju'a. Zanen da aka ɗauka ya nuna doguwar tazarar QT. Dessertenne na Faransa ya siffanta mummunan bugun da ke biyo bayan wannan tsawo a 1966.

Tazarar QT

Ita ce lokacin da ɗakunan ƙasa na zuciya ke ɗauka su matse su sake shiri. Tana raguwa in bugu ya yi sauri, don haka ake gyara awon da lissafin Bazett na 1920. In gyararren awo ya wuce rabin daƙiƙa, haɗarin ya yi yawa: bugu na iya juyewa ya hautsine, mutum ya faɗi nan take.

Wasu gadonsa suke yi. Amma mafi yawa daga magani ne ko ƙarancin potasiyom da magneziyom a jini, kuma nan ne batun ya shafe mu. Kinin da kulorokin, wanda aka fi sani da nibakin, suna ƙara tsawon QT, halofantirin, shi ma maganin zazzaɓin cizon sauro, ya fi su duka. Amai da zawo kuwa suna zubar da potasiyom. Idan damina ta kankama, mai zazzaɓin cizon sauro kan haɗa duka biyun, balle in ya ƙara da ƙwayar da ya saya a bakin kasuwa ba da sanin likita ba.

Sauran alamomi

Tudun P mai faɗi yana nuna haɗarin karkarwar ɗakunan sama, wadda ke jawo shanyewar ɓarin jiki. Tudun T mai tsini kan nuna potasiyom ya yi yawa, kamar a ciwon ƙoda. Alamar Brugada, da aka bayyana a 1992, ɗagawar layin da ke tsakanin S da T ce a wayoyin dama na ƙirji, mai nuna haɗarin mummunan bugu.

Akwai saɓani kan ɗagawar gurbin J, wato inda kwarin S ke ƙarewa a zanen. Tana da yawa ga samari baƙar fata kuma galibi ba cuta ba ce, sai dai wani bincike na 2008 ya danganta ta da mutuwar fuju'a.

A Damagaram

Masu suma ko faɗuwar gaba da ba a gane dalilinta ba, Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ake tura su. Masu jego ma na bukatar gwajin in numfashi ya yi nauyi ko ƙafa ta kumbura, domin raunin zuciya bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa tun binciken Zariya na shekarun 1970. An danganta shi da kunun kanwa da wankan jego, amma ba a gama yarda da hakan ba.