Kuɗin jinkirin jirgi a Turai: da kilomita ake lissafi, ba da kuɗin tikiti ba

Wallahi mutanenmu da yawa suna asarar kuɗinsu a filayen jirgin Turai don kawai ba su san dokar diyyar jinkirin jirgi ba, a bar ka a zaune awa biyar shida, a miƙo maka ɗan katin cin abinci ka yi godiya ka tafi, alhali akwai kuɗinka a ƙasa.

Dokar Tarayyar Turai ce, mai lamba 261 ta 2004, ta fara aiki a Fabrairun 2005. In jirginka ya kai ka inda za ka da lattin awa 3 ko sama da haka kana da diyya. To nawa? Anan nisa ke shigowa. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba yuro 250 ne, daga 1,500 zuwa 3,500 yuro 400, abin da ya haura 3,500 kuma yuro 600, sai dai in duk tafiyar a cikin Tarayyar take to 400 ne iyakarta komai nisa. Ko tikitin naka na araha ne ba ruwan doka. Frankfurt zuwa Abuja ta wuce 3,500 nesa ba kusa ba, don haka maganar 600 ake, amma in lattin bai kai awa 4 ba kamfani na iya raba shi biyu ya ba ka 300.

Yadda ake awon nisan nan shi ne inda ake yawan rikici. Ba zagayen da jirgi ya yi a sama ake dubawa ba, miƙaƙƙen layi ake ja a kan taswira daga filin da ka tashi zuwa filin ƙarshe. A 2017 wasu fasinjoji da suka tashi daga Rom suka sauka Brussels kafin su wuce Hamburg sun nemi a haɗa musu zango biyun, kotun Turai ta ce a'a, Rom zuwa Hamburg kai tsaye za a auna, kuma wannan bai kai 1,500 ba. Ni dai ina ganin an ɗan ƙware su, mutum ya sha wahalar zango biyu, amma haka hukuncin yake.

Lokacin isa ma akwai magana. Ba sanda tayar jirgi ta taɓa ƙasa ba ne, sai an buɗe ƙofa an ce ku fito, kotu ta faɗi haka tun 2014. Don haka ka duba agogonka daidai lokacin, minti biyar ma na iya sa ka samu ko ka rasa.

Sannan a kula, in daga ƙasar Tarayyar Turai ka taso kowane kamfani ne dokar ta hau kansa. Amma in daga Kano ko Abuja za ka shiga, sai jirgin kamfanin ƙasar Tarayyar ne, irin su Lufthansa ko KLM. Na Masar ko Habasha ba ya ciki a tafiyar shiga. Birtaniya tunda ta fita daga Tarayyar tana da irin tata dokar, fam 220, 350 da 520.

Inda suke zillewa shi ne su ce abin ya fi ƙarfinsu, kamar mummunan yanayi ko matsalar tsaro. Wannan doka ta yarda. Amma lalacewar inji ta yau da kullum ba uzuri ba ce, ko sun ce maka uzuri ce a kantar filin jirgi, ka ajiye takardar shiga jirginka ka rubuta musu.