Dokar Da Ta Ja Wa Attajiran Sin Linzami Wajen Zuba Jari a Ƙetare

A ƙasar Sin, kuɗin kamfani nasa ne, amma fitar da su waje sai da yardar hukuma. Wanda bai san wannan ba zai sha mamakin yadda attajiran ƙasar suka yi ta sayen otal-otal da ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Turai da Amurka, sannan kwatsam suka janye.

Abin ya kai ƙololuwa a 2016, shekarar da jarin da ya fita daga ƙasar ya kai kimanin dala biliyan 196. Kamfanin inshora na Anbang ya riga ya saye otal ɗin Waldorf Astoria na New York kan dala biliyan 1.95, kamfanin Wanda ya sayi kaso a Atletico Madrid, kamfanin Suning kuma ya karɓe Inter Milan. A lokacin ne ajiyar kuɗin waje ta ƙasar ta zube daga kusan dala tiriliyan 4 a 2014 zuwa kusan tiriliyan 3 a farkon 2017. Mahukuntan Beijing suka yi zargin cewa wasu ba ciniki suke yi ba, gudu suke da dukiya, kuma da bashin bankunan gida.

A watan Agustan 2017 majalisar gudanarwar ƙasar ta kasa jarin waje gida uku. Akwai wanda ake ƙarfafawa: hanyoyi, tashoshin jiragen ruwa, layin dogo na shirin Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya, haƙar mai da ma'adinai, noma da fasahar zamani. Akwai wanda aka haramta, irin su gidajen caca, harkar batsa da fitar da sirrin makamai. Na tsakiyar shi ne mai cizo, wato wanda aka taƙaita: gine-gine, otal, gidajen sinima, harkar nishaɗi da ƙungiyoyin wasanni, da duk wani jari a ƙasar da ake yaƙi ko wadda ba ta da huldar jakadanci da Sin. Ba a ce kada ka saya ba. An ce ka zo ka nemi izini, kowa kuma ya gane abin da ake nufi.

Doka mai lamba 11 ta hukumar tsara tattalin arziki, NDRC, wadda ta fara aiki ran 1 ga Maris 2018, ita ta fayyace hanyar. Aikin da ba ya cikin waɗanda aka taƙaita ko aka haramta rajista kawai ake masa. Idan jarin bai kai dala miliyan 300 ba, a lardi ake gamawa. In ya kai, ko kamfanin na gwamnatin tsakiya ne, sai Beijing. Bayan haka akwai takardar ma'aikatar kasuwanci, kuma banki ba zai canja maka yuan zuwa dala ba sai ya ga takardun. Nan ne maƙogwaron dokar, a ganina.

A 2017 jarin ya sauko zuwa kimanin dala biliyan 158. A 2018 gwamnati ta karɓe Anbang, aka ɗaure shugabansa Wu Xiaohui shekara 18. Kuɗin ba su daina fita ba, hanya suka sauya: masana'antar batirin kamfanin CATL a Hangari, sarrafa ƙarfen nikel a Indonesiya, da bututun da kamfanin man Sin, CNPC, ya shimfiɗa daga rijiyoyin man Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin.